Kujerar da Horace Plunkett ya rasa

A babban zaɓen Birtaniya na shekarar 1900, mazaɓar Kudancin Dublin ta kayar da ɗan majalisarta, Horace Plunkett, bayan ya shekara takwas yana wakiltarta a Landan. Faɗuwa zaɓe ba baƙon abu ba ne ga ɗan siyasa. Abin da ya sa tasa ta fita daban, 'yan gida ne suka yi masa ita. Wasu manya a ɓangarensa, ciki har da Lord Ardilaun na gidan masu kamfanin Guinness, suka tsayar da wani mai suna Francis Elrington Ball ya yi takara a gefe. Ball bai ci ba, amma ya yagi ƙuri'un da suka isa su kai Plunkett ƙasa, kujerar ta faɗa hannun John Mooney na 'yan kishin ƙasa masu neman Ailan ta yi mulkin kanta, wato mutanen da su Ardilaun ke cewa su ne babban haɗari ga Ailan. Sun gwammace mazaɓar ta tafi ga abokan hamayya da ta zauna a hannun ɗan'uwansu wanda ya ba wani ɗan Katolika, tsohon ɗan adawa, babban muƙami a ma'aikatarsa.

A ganina an zalunci mutumin nan, kuma ba ɓangare ɗaya ne ya zalunce shi ba, taron dangi aka yi masa. Ya rasu tun 1932, ba shi da sauran buƙatar mai share masa hawaye. Tambayar da rayuwarsa ta tayar ce ke damuna, domin tana nan da ranta a duk inda ake kaɗa ƙuri'a: idan wakili ya ga aikin da zai amfani talakawa, kuma aikin ba zai yiwu ba sai ya zauna da abokan hamayya, wa ya fi bin sa bashi, jam'iyyar da ta tsayar da shi ko talakawan?

Tun 1801 aka rushe majalisar Dublin, aka haɗe Ailan da Birtaniya, wakilan tsibirin suka koma zama a Westminster, majalisar Birtaniya da ke Landan. Akasarin mutanen ƙasar Katolika ne, manoma, kuma har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 mafi yawansu haya suke biya a kan gonakin da suke nomawa. Masu ƙasar 'yan tsiraru ne, galibinsu Furotesta. Yunwar da ta fara a 1845, lokacin da cuta ta cinye dankali, ta kashe mutum kimanin miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗin zuwa ƙetare. Daga 1879 manoma suka miƙe ƙarƙashin Michael Davitt da Charles Stewart Parnell suna neman gonakin su zama nasu. Siyasa ta rabu gida biyu: 'yan kishin ƙasa masu neman mulkin kai, da 'yan haɗaka masu son a ci gaba da zama ƙarƙashin majalisar Landan. Kusan kowa da ganin cocin da yake zuwa an san inda ƙuri'arsa za ta.

Plunkett ɗan gidan masu ƙasar ne gaba da baya. An haife shi a 1854, mahaifinsa shi ne Baron na 16 na Dunsany, sarautar da ta samo asali tun ƙarni na 15, da fadarsu a gundumar Meath. Ya yi karatu a Eton da Oxford kamar sauran 'ya'yan manya. Tarin fuka ya yi wa danginsu ɓarna, shi ma aka ji masa tsoro, don haka a 1879 ya tafi Wyoming a Amurka neman busasshiyar iska, ya shekara goma yana kiwon shanu a can. Ina ganin waɗannan shekaru goma su suka raba shi da tsararrakinsa. Su sun san kuɗi a matsayin hayar da wakili ke tarowa ya kawo. Shi ya ga yadda farashi ke tashi ya faɗi, da yadda mai kiwo ke wahala na tsakiya ya kwashe riba. Da mahaifinsa ya rasu a 1889 ya dawo gida.

Ya tarar kasuwar man shanu na zamewa daga hannun Ailan. Tun kaka da kakanni matan manoma ne ke kaɗa nono a gida, a cusa man cikin gangunan katako da gishiri mai yawa, a kai kasuwar Cork, daga nan ya wuce Ingila da sauran duniya. Kowane gida da irin nasa, wani mai kyau, wani ya fara wari kafin ya isa. A 1878 wani injiniya ɗan Suwidin, Gustaf de Laval, ya fito da injin da ke raba mai da madara nan take. A 1882 manoman wani ƙauye a Denmak mai suna Hjedding suka haɗa kuɗi suka kafa gidan man shanu nasu na kansu, kuma cikin 'yan shekaru ƙauyukan Denmak suka cika da irinsa. Mansu ɗanɗano ɗaya, tsabta ɗaya, ba ya yankewa duk shekara. Matan gida a Manchester da Landan suka koma sayensa.

Injin nan ya fi ƙarfin aljihun manomi mai shanu biyar. Hanya biyu ce ta rage: ko ɗan kasuwa ya saya ya riƙa yanka wa manoma farashin madara yadda ya ga dama, ko manoman su taru su saya tare. Plunkett ya sa ƙarfinsa da dukiyarsa a kan ta biyun. A 1889 aka buɗe gidan man shanu na gama kai na farko a Dromcollogher, gundumar Limerick. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Manomi ya sayi hannun jari, ya kawo madararsa da safe, a auna yawan man da ke ciki a biya shi daidai da haka, a mayar masa da tsalar ya ba maruƙa. Ranar taro kuwa mai shanu uku da mai hamsin ƙuri'a ɗaɗɗaya gare su. A 1894 ya kafa uwar ƙungiya ta ƙasa, wadda aka fi sani da IAOS, da ƙungiyoyi 33 a ƙarƙashinta. Cikin shekara goma suka kai kimanin 800, har da na ba da rance da na sayen taki da iri a dunƙule. Takensa kalma uku ne, noma mai kyau, kasuwanci mai kyau, rayuwa mai kyau, kuma yakan nace cewa na tsakiyar za a fara gyarawa, domin manomin da ake cuta a kasuwa ba ya da dalilin ƙara himma a gona.

Dubi waɗanda ya jawo jikinsa. Mataimakinsa limamin Katolika ne, Fada Thomas Finlay. Sakatarensa R. A. Anderson ne, Furotesta. Doka ɗaya suka kafa wa tarurrukansu: ba siyasa, ba gardamar addini. A ƙasar da mutum kan zaɓi shagon da zai yi sayayya bisa ga cocin mai shagon, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai labarin da su Anderson suka riƙa bayarwa na garin Rathkeale a Limerick. An taru za a kafa gidan man shanu, magana ta kusa ƙarewa, sai wani lauya na garin ya miƙe ya ce Rathkeale gari ne na 'yan kishin ƙasa, don haka duk man da za a yi a nan sai an yi shi bisa aƙidar kishin ƙasa, in ba haka ba kada a yi. Jama'a suka tafa, shirin ya rushe. Ana yawan ba da labarin don a yi dariya, ni kuwa ban ga abin dariya a cikinsa ba. Mutanen da suka tafa suna da dalilin tsarguwa. Iyayensu sun ga yunwa, sun ga ana rushe gidaje a kan bashin haya, yanzu ga ɗan fada ya zo da murmushi yana cewa yana son su da arziki. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma da aka watse, lauyan ya koma ofishinsa bai yi asarar komai ba. Manoman da suka tafa masa su ne suka ci gaba da sayar da madara a farashin da wani ya yanka musu.

A 1892 Plunkett ya shiga majalisa a matsayin ɗan haɗaka. A 1893 ya ƙi goyon bayan dokar mulkin kai ta biyu da Firayim Minista Gladstone ya kawo, wadda ta tsallake majalisar wakilai amma majalisar masu sarauta ta yi fatali da ita da ƙuri'a 419 a kan 41. Bai yi suna da iya magana ba, kuma in ana lissafin gwanayen mahawara na zamanin ba a sa shi. Duk aikinsa na majalisa da ya cancanci tunawa a lokacin hutu ya yi shi. A watan Agustan 1895 ya rubuta wa jaridu wasiƙa yana cewa, tun da jam'iyyar 'yan mazan jiya, mai adawa da mulkin kai, ta dawo mulki kuma batun mulkin kai ya kwanta na ɗan lokaci, me zai hana wakilan Ailan na kowane ɓangare su zauna a lokacin hutun majalisa su tattauna abin da ba su da saɓani a kansa, wato noma da sana'a?

Amsoshin da ya samu sun nuna inda ciwon yake. Kanar Edward Saunderson, jagoran 'yan haɗaka, ya ƙi zuwa, ba zai zauna kan teburi ɗaya da John Redmond na 'yan kishin ƙasa ba. Justin McCarthy, shugaban babban ɓangaren 'yan kishin ƙasa, shi ma ya ƙi, don yana ganin dabara ce ta ɗauke hankalin jama'a daga neman mulkin kai. Redmond, mai jagorantar ƙaramin ɓangaren da ya tsaya tare da Parnell lokacin da jam'iyyarsu ta rabu, ya zo. 'Yan kasuwar Belfast suka zo, Fada Finlay ya zo. Aka kira shi Kwamitin Hutu. Suka tura mutane ƙasashen Turai su ga yadda gwamnatoci ke tallafa wa manoma, suka fitar da rahoto a 1896, kuma a 1899 majalisa ta zartar da dokar da ta kafa Ma'aikatar Noma da Koyar da Sana'o'i ta Ailan. Plunkett ne aka ba jagorancinta.

Ma'aikatar ta zo da abin da ba a saba gani ba a mulkin Ailan. An yi mata majalisar shawara wadda akasarin mambobinta ƙananan hukumomin gundumomi ne ke turowa, waɗanda tun dokar 1898 zaɓarsu ake yi, kuma mafi yawansu na hannun 'yan kishin ƙasa. Ta tura malaman gona ƙauye-ƙauye, ta samar da bijimai da ingarmu masu kyawun iri, ta koyar da kiwon kaji da zuma, ta buɗe makarantun koyon sana'a a garuruwa. Da ya zo naɗa babban sakatare, sai ya ɗauko T. P. Gill, wanda ya yi wa Kwamitin Hutu sakatare, ya je Denmak da Faransa ya gano da idonsa. Gill ɗan Katolika ne, tsohon ɗan majalisa na 'yan kishin ƙasa, kuma yana da hannu a gwagwarmayar manoma ta ƙin biyan haya a ƙarshen shekarun 1880. Wannan naɗi shi ya ci kujerar Plunkett.

Za a iya cewa su Ardilaun suna da hujja: sun zaɓe shi ne ya kare haɗaka, ba ya raba wa abokan gabarsu muƙamai ba, kuma mai zaɓe na da damar ya hukunta wakilin da ya kauce. Na yarda mai zaɓe na da wannan dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa Plunkett ya kauce. A 1900 har yanzu ɗan haɗaka ne, bai canza ra'ayi a kan babbar tambayar ba. Ma'aikatar da zai gina ta dukan manoman Ailan ce, kuma kashi uku cikin huɗu na mutanen ƙasar Katolika ne. Da ya cika ta da 'ya'yan masu ƙasa, malamin gona ba zai sami mai buɗe masa ƙofa a gundumomin Katolika irin su Mayo ko Kerry ba. Gill ya riƙe muƙamin har zuwa 1923, ya ga gwamnatoci da dama sun zo sun wuce, har ya miƙa ma'aikatar ga sabuwar ƙasa mai 'yanci. Waɗanda suka kira naɗinsa cin amana suna nufin muƙamin gwamnati ganima ce ta wanda ya ci zaɓe. Wannan ra'ayi nake ƙi, a ko'ina na same shi.

A shekara mai zuwa, 1901, ya nemi komawa majalisa a zaɓen cike gurbi na Galway. A nan kuma ɗaya ɓangaren ne ya yi masa nasa. Suka tsayar da Arthur Lynch, wanda bai daɗe da dawowa daga yaƙin Afirka ta Kudu ba, inda ya yi yaƙi tare da Bowa, Turawan can 'yan asalin Holan, a kan Birtaniya. Lynch ya lashe zaɓen da rata mai yawa. Plunkett bai sake zama a Westminster ba.

Daga nan ne maganar ta fi jan hankalina, domin adawar 'yan kishin ƙasa ta fi ta su Ardilaun zurfi, kuma ta fi cancantar a amsa ta. Gerald Balfour, ministan da ke kula da Ailan a lokacin, ya taɓa faɗa a bainar jama'a a 1895 cewa gwamnati za ta yi murna in ta iya kashe neman mulkin kai da kyautatawa. John Dillon, ɗaya daga cikin manyan 'yan kishin ƙasa, ya ɗauki maganar da gaske. A ganinsa duk abin da zai sauƙaƙa wa manomi rayuwa a ƙarƙashin mulkin Landan zai rage masa zafin neman 'yanci. Shi ya sa ya yaƙi ƙungiyoyin gama kai, kuma shi ya sa ya soki dokar Wyndham ta 1903, wadda ta ba dubban manoma damar sayen gonakinsu da rancen gwamnati. Dillon mutum ne mai gaskiya da ya sha ɗauri saboda manoma, ba na zarginsa da son kai. Amma in aka bi hujjarsa har ƙarshe, abin da take cewa shi ne talaka ya ci gaba da shan wuya domin 'yan siyasa su sami abin ɗaga murya a kai. Ba na jin akwai wata manufa, komai tsarkinta, da ta ba shugaba izinin ajiye yunwar mabiyansa a matsayin jari.

Balfour da Dillon abokan gaba ne, amma kuskurensu ɗaya: dukansu sun ɗauka mai ƙoshi ba ya neman 'yanci. Tarihi ya ba su amsa cikin shekara ashirin. Kafin 1918 manoman Ailan da yawa sun mallaki gonakinsu, gidajen man shanu na gama kai sun bazu, yaƙin duniya ya ɗaga farashin amfanin gona, ƙauyuka sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. A zaɓen Disambar wannan shekara Sinn Féin, mai neman cikakkiyar jamhuriya, ta ci kujeru 73 cikin 105. Jam'iyyar Dillon ta tsira da shida, shi kansa ya sha kaye a Gabashin Mayo a hannun Éamon de Valera na Sinn Féin. Kyautatawa ba ta kashe komai ba. 'Ya'yan manoman da suka koyi riƙe littafin lissafi, da zaɓen kwamiti, da tuhumar manaja a taron shekara, su ne suka fi ganin ba su da buƙatar wani daga Landan ya riƙe musu ƙasa. Akwai wasu dalilan, ba shakka: boren Ista da aka yi wa mulkin Birtaniya a Dublin a 1916, da kashe jagororinsa, da yunƙurin tilasta wa samari shiga soja a 1918. Amma babu wanda zai nuna mini cewa arzikin manoma ya sanyaya musu gwiwa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Ƙashin bayan jam'iyyar 'yan kishin ƙasa a ƙananan garuruwa masu kanti ne da dillalan man shanu da masu mashaya. Da yawansu na ba manomi kaya bashi a farashi mai tsada, su karɓi ƙwai da man shanunsa a farashi mai arha, har ya zama ba ya iya kai kayansa wani wuri. Ƙungiyar da za ta sayo taki da gari a dunƙule barazana ce ga wannan ciniki kai tsaye. Patrick Gallagher, wanda ya kafa ƙungiyar Templecrone a Donegal a 1906, ɗan talakawa ne ɗan Katolika, ba ɗan fada ba, amma sai da ya kai ruwa rana da masu kantin yankinsa. Wani kaso na ihun da aka yi wa Plunkett da sunan kishin ƙasa, kukan aljihu ne. A 1907 'yan kishin ƙasa suka matsa wa gwamnatin Libaral har ya sauka daga ma'aikatar, magajinsa T. W. Russell kuma ya yanke tallafin da ake ba uwar ƙungiyar.

Shi ma da hannunsa ya ƙara wa wutar itace. A 1904, yana kan muƙamin gwamnati, ya wallafa littafi inda ya ce mutanen Ailan na da ƙarancin dogaro da kai da ƙarfin hali, ya soki yawan kuɗin da ake kashewa wajen gina manyan coci-coci a yankunan matalauta, ya nuna cewa tarbiyyar Katolika na da hannu a koma-bayan tattalin arziki. Ko da akwai ƙwayar gaskiya a wani sashe, ba bakinsa ne ya dace da faɗa ba. Mutumin da ajinsu ya ci hayar waɗannan manoma shekaru ɗaruruwa, a ƙarƙashin dokokin da suka taɓa hana ɗan Katolika sayen ƙasa da shiga majalisa, bai kamata ya juyo ya tambaye su dalilin da ya sa ba su da himma ba. Manomin da ya san in ya gyara gonarsa za a ƙara masa haya, rashin gyarawarsa hankali ne. Limaman ƙauye da yawa da suka taimaka wajen kafa ƙungiyoyin suka ja baya, maƙiyansa suka sami sandar dukansa. Wannan girman kai na ɗan gidan sarauta, mai ganin jama'a kamar ɗalibai, shi ne babban aibinsa, kuma ban ga hanyar wanke shi daga gare shi ba.

Tsarin nasa kuma ya yi wata ɓarnar da bai hango ba. Man shanu a da sana'ar mata ce, kuɗinsa na shiga hannunsu. Da aka koma kai madara gidan inji, sunan maigida ne a littafi, shi ake miƙa wa kuɗin wata. Mata da yawa suka koma ga kaji da ƙwai. Sai a 1910 aka kafa ƙungiyar matan karkara da goyon bayansa, bayan an riga an yi nisa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Wani kaso na madarar garin da ake shigowa da ita Najeriya daga Ailan take zuwa, kuma kamfanin Ornua mai tambarin Kerrygold mallakar ƙungiyoyin gama kai na manoman Ailan ne, jikokin waɗancan gidajen man shanu. Duk mai tunanin tara madarar rugage a cibiyoyi don mu rage sayen ta waje, ya tuna cewa a wurinmu ma nono na matan Fulani ne, kuma sunan da aka rubuta a littafin biya shi zai nuna wanda tsarin ya ɗaga da wanda ya kayar.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona shi ne bai daskare a inda yake ba. Kafin yaƙin duniya na farko ya riga ya amince cewa mulkin kai ba makawa, kuma ya fito fili yana roƙon 'yan haɗakar Ulster, lardin arewacin Ailan, kada su nemi a raba tsibirin. A 1917 aka ba shi shugabancin babban taron da Firayim Minista Lloyd George ya kira don 'yan Ailan su sasanta kansu. Sinn Féin ta ƙaurace, wakilan Ulster suka ƙi motsawa, Redmond ya rasu ana cikin zama, taron ya watse a 1918 ba tare da matsayar da za ta ɗore ba. Ana zarginsa da jan lokaci a watannin farko, da barin jawabai su yi ta gudana alhali damar na wucewa, kuma zargin na da tushe. A 1919 ya kafa ƙungiyar neman a ba Ailan matsayi irin na Kanada, ƙasa ɗaya ba a raba ba, mai mulkin kanta a cikin daular Birtaniya. Mutane ƙalilan ne suka saurare shi. Bayan shekara biyu da zubar da jini mai yawa, yarjejeniyar Disambar 1921 ta ba da kusan wannan matsayi, sai dai gundumomi shida na arewa sun riga sun fita.

A cikin yaƙin neman 'yanci na waɗannan shekaru ne dakarun Birtaniya, musamman waɗanda ake kira Black and Tans, suka riƙa ƙona gidajen man shanu na gama kai a 1920 don ramuwa a kan ƙauyukan da aka kai musu hari. Gommai aka lalata. Sun san abin da suke yi: a ƙauye da yawa wannan gini shi ne kaɗai abin da jama'a suka mallaka tare. Plunkett ya yi ta kai kuka a Landan da Amurka. Da aka kafa sabuwar ƙasa a 1922 aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa, ya karɓa duk da yaƙin basasa na ci. A ƙarshen Janairun 1923, yana Amurka, 'yan jamhuriya masu adawa da yarjejeniyar suka ƙona gidansa, Kilteragh, a unguwar Foxrock, kamar yadda suka yi wa gidajen sanatoci da dama. Gidan nan shi ne inda shekara da shekaru ɗan haɗaka da ɗan kishin ƙasa ke iya cin abinci tare. Michael Collins, ɗaya daga cikin jagororin sabuwar ƙasar, ya ci abincin dare a can kwanaki kaɗan kafin a kashe shi. Takardu da littattafai masu yawa suka tafi a wutar. A cikin shekarar ya ajiye kujerar dattawan, ya koma Weybridge a Ingila, ya mai da hankali kan gidauniyar da ya kafa a 1919 don yaɗa tsarin gama kai a wasu ƙasashe.

Gwamnatin 'yan kishin ƙasa da ta karɓi mulki ba ta ɓata lokaci wajen gardamar ko man shanu na da aƙida ba. Tana buƙatar kuɗin shiga, kuma noma ne babban abin da take da shi na sayarwa. A 1927, ƙarƙashin ministan noma Patrick Hogan, ta kafa kamfani da kuɗin gwamnati wanda ya saye gidajen man shanu na 'yan kasuwa masu zaman kansu, ya rufe waɗanda suka yi yawa, da nufin miƙa sauran ga ƙungiyoyin manoma. Shekara ashirin kacal bayan an kori Plunkett daga ma'aikatarsa, tsarinsa ya zama manufar ƙasa. Uwar ƙungiyar, wadda yanzu ake kira ICOS, har yau tana gida mai lamba 84 a dandalin Merrion a Dublin, gidan da masoyansa suka tara kuɗi suka saya masa a 1908, shi kuma ya miƙa wa manoma. Ya rasu a Weybridge ranar 26 ga Maris, 1932, yana da shekara 77.